Rashin Barci Mai Daɗewa: Maganin da Ba a Haɗiya

Cikin cututtukan da ke damun ɗan Adam akwai wadda ba ta fid da ƙurji, ba ta kawo zazzaɓi, ba a kuma ganin ta da ido, amma takan rage ƙarfin ma'aikaci a biro, da manomi a gona, da uwargida a tsakar gidanta. Wannan cuta ita ce rashin barci mai daɗewa. Da yawa daga waɗanda ta kama sukan nufi gidan sayar da magani, ko su tsai da mai talla a bakin hanya, su sayi ƙwayar sa barci. Sai dai tun shekaru 50 da suka wuce masana halin ɗan Adam suka soma shimfiɗa wata hanya dabam, wadda ake warkar da mutum ta gyaran ɗabi'unsa na kwanciya da tunaninsa game da barci. Yau manyan ƙungiyoyin likitoci na Amurka da Turai sun tsai da shawara cewa da wannan hanya ya kamata a fara, kafin a kai ga ƙwaya.

Wane ne ke da wannan ciwo

Kowane mai rai yakan gamu da daren da barci ya ƙi zuwa, ko saboda rasuwa, ko bashi, ko shari'a, ko jarrabawa. Wannan ba ciwo ba ne, yakan wuce idan dalilinsa ya wuce. Likitoci suna kiran abu rashin barci mai daɗewa idan sharuɗɗa uku sun haɗu. Na farko, mutum ya kasa samun barci da wuri, ko ya riƙa farkawa cikin dare ya daɗe ido biyu, ko ya farka tun da sauran dare barcin ya ƙi komowa, alhali yana da lokaci da wurin kwanciya. Na biyu, abin ya riƙa aukuwa aƙalla dare 3 cikin mako, har tsawon wata 3 ko fiye. Na uku, ya taɓa aikinsa na rana: gajiya, mantuwa, saurin fushi, kasa tsai da hankali wuri ɗaya.

Bisa lissafin masana, kusan mutum 1 cikin manya 10 yana da irin wannan ciwo, ya kuma fi yawa ga mata da tsofaffi. An daɗe ana zaton cutar mutanen manyan biranen Turai ce. Wani bincike da aka buga cikin shekara ta 2012 ya kau da wannan zato. An tambayi mutane fiye da 40,000 masu shekara 50 zuwa sama a ƙasashe 8 na Afirka da Asiya, cikinsu har da Gana da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mafi yawansu mazauna karkara, aka tarar kusan kashi 17 cikin 100 suna fama da matsalar barci mai tsanani.

Yadda dare ɗaya ke zama shekara

Cikin shekara ta 1982 wani masani na birnin Zurik a ƙasar Suwis, Alexander Borbély, ya bayyana cewa abubuwa biyu ne ke jan ragamar barci. Ɗaya ana iya kiran sa yunwar barci: muddin mutum yana farke tana taruwa a jikinsa, idan ya yi barci ta ragu. Ɗayan kuwa agogon jiki ne, wanda ke bin hasken rana da duhun dare, yana shaida wa jiki lokacin aiki da lokacin hutu. Idan yunwar ta cika, agogon kuma ya nuna dare, barci yakan zo da kansa ba tare da an kira shi ba.

Cikin 1987 Arthur Spielman da abokan aikinsa a birnin Niyok suka ƙara haske a kan dalilin da ya sa ciwon ke zaunawa. Suka raba sanadinsa gida uku. Akwai abin da mutum ya taso da shi, kamar yawan damuwa ko sauƙin farkawa. Akwai abin da ya tayar da ciwon, kamar rashin lafiya, haihuwa, canjin wurin aiki ko mutuwar aure. Sa'an nan akwai abin da ke raya ciwon bayan sanadin farko ya gushe, watau dabarun da mutum ke yi da kansa domin ya rama barcin da ya rasa. Yakan kwanta tun bayan isha'i ko da bai ji barci ba, ya daɗe a shimfiɗa da safe, ya yi doguwar ƙailula da rana, ya ƙara shayi da goro domin ya iya aiki. Kowace ɗaya cikin waɗannan tana rage yunwar barci ko tana rikita agogon jiki, saboda haka daren da ke biye yakan fi na jiya wuya.

Har wa yau, jiki yana koyon abu ta hanyar maimaici. Wanda ya yi watanni yana juye-juye a kan shimfiɗa ɗaya, yana lissafin bashi yana duban agogo, jikinsa zai haɗa shimfiɗar da fargaba. Shi ya sa ake samun mai gyangyaɗi a kujera gaban talabijin, amma da ya tashi ya kwanta sai idonsa ya bushe. Maganin da ake magana a kai yana fuskantar wannan gida na uku ne, domin shi kaɗai ke hannun mai ciwon.

Abin da ƙwaya ke yi da abin da ba ta yi

Ƙwayoyin sa barci suna da amfaninsu a hannun likita, na ɗan lokaci. Dangin diyazefam, wanda aka fara sayarwa cikin 1963 da sunan Valium, da waɗanda suka biyo baya irin su zolfidem, suna kawo barci da sauri. Amma jiki yakan saba da su, har adadin da ya isa da farko ya daina isa. Ranar da aka daina sha kuwa rashin barcin yakan komo da ƙarfi, sai mutum ya ɗauka ba ya iya rayuwa sai da su. Ga tsofaffi suna jawo jiri da faɗuwa da karaya, ga direbobi suna barin nauyin kai har safiya. Saboda haka a Faransa doka ta hana likita rubuta irin waɗannan ƙwayoyin barci fiye da na mako 4 a takarda ɗaya, kuma cikin 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a buga gargaɗi mai ƙarfi a kwalin zolfidem, bayan an samu mutane suna tafiya har da tuƙin mota cikin barci.

Haɗarin ya fi girma inda ake sayen magani a tire ko a kasuwa, babu takardar likita, babu wanda ya san ainihin abin da ke ciki ko tsawon zamansa a rana. Wanda ya riga ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ya yanke su rana ɗaya, domin yankewar gaggawa tana iya kawo rawar jiki har da farfaɗiya. Likita ne zai tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan.

Shimfiɗa ta barci ce

Ginshiƙi na farko na wannan magani ya fito cikin 1972 daga Richard Bootzin, malamin jami'a kusa da birnin Shikago. Nufinsa shi ne a raba shimfiɗa da fargaba, a sake haɗa ta da barci. Ƙa'idodinsa kaɗan ne. Kada mutum ya kwanta sai barci ya kama shi sosai, ido ya yi nauyi, hamma ta yawaita. Gajiyar jiki kaɗai ba ta isa ba. Kada a ci abinci a kan shimfiɗa, ko a yi lissafi, ko a duba salula, ko a tattauna rigimar gida; a bar ta ga barci da sha'anin aure. Idan an kwanta kamar minti 15 zuwa 20 barci bai zo ba, sai a tashi, a koma wani wuri mai ƙarancin haske, a yi wani abu marar tada hankali, a komo sa'ad da barci ya sake kamawa. Ko sau nawa hakan ya faru cikin dare, haka za a yi. Sa'an nan a tashi da safe a lokaci guda kullum, ko an yi barci da kyau ko ba a yi ba, har ranakun hutu.

An tsara waɗannan ƙa'idodi ne ga masu ɗakin kwana dabam da ɗakin zama. A gidan da iyali ke ɗaki ɗaya, ko tabarmar hira ita ce ta kwana, ana iya kiyaye ma'anarsu. Mai ciwon ya keɓe kusurwa ɗaya da shimfiɗa ɗaya, a naɗe ta da safe, kada a warware ta sai lokacin kwanciya ya yi. Idan barci ya ƙi, ya tashi ya zauna a kujera ko a bakin ƙofa. Game da tashi a lokaci guda kuwa, wanda ya saba tashi da asuba ya riga ya sami rabin aikin, in dai bai koma ya kwanta ba bayan gari ya waye. Hasken safiya yana daidaita agogon jiki, saboda haka fita waje da hantsi yana cikin magani.

Rage lokacin kwanciya

Ginshiƙi na biyu shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki: ana warkar da mai ƙarancin barci ta hanyar rage masa lokacin da yake yi a shimfiɗa. Spielman ne ya kawo shi cikin 1987. Ana farawa da rubutu. Mako 2 cif mai ciwon zai riƙe kaye, kowace safiya ya rubuta lokacin da ya kwanta, da kimanin lokacin da barci ya ɗauke shi, da yawan farkawarsa, da lokacin da ya tashi. Kintace ya isa, ba a son ya riƙa duban agogo cikin dare. Duk wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yana iya wannan aiki, da boko ko da ajami.

A ɗauki misalin wanda ke kwanciya ƙarfe 10 na dare ya tashi ƙarfe 6 na safe. Awa 8 ke nan a shimfiɗa, amma kayensa ya nuna barcinsa na gaskiya awa 6 ne, watau kashi 75 cikin 100 na lokacin kwanciyarsa. Sai a ba shi awa 6 kaɗai. Idan ya zaɓi tashi ƙarfe 5 da rabi, ba zai kwanta ba sai ƙarfe 11 da rabi. Bayan mako guda a sake lissafi. In barcinsa ya kai kashi 85 cikin 100 na lokacin da aka ba shi, ko ya zarce, sai a ƙara masa minti 15, ya kwanta ƙarfe 11 da kwata. In ya gaza kashi 80, a rage minti 15. In yana tsakani, a bar shi yadda yake. Haka za a bi mako-mako har a kai inda yake tashi da ƙarfinsa. Ba a saukar da kowa ƙasa da awa 5, komai ƙarancin barcinsa.

Hikimar abin ita ce yunwar barci tana taruwa har ta fi ƙarfin fargaba, barcin da ya kasance gutsi-gutsi ya haɗu ya zama dunƙule ɗaya. Amma wajibi ne a gaya wa mai ciwon gaskiya tun farko: mako na ɗaya da na biyu suna da wuya, zai ji barci da rana fiye da da, kuma a nan ne mutane da yawa ke ja da baya. Wanda ya jure yakan soma ganin canji cikin ƴan makonni.

Gyaran tunani da sakin jiki

Ginshiƙi na uku ya shafi abin da mutum ke gaya wa kansa cikin duhu. Charles Morin, na jami'ar Laval a Kebek ta ƙasar Kanada, yana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan wannan fanni. Mai rashin barci yakan riƙe wasu zato kamar gaskiya: cewa tilas ne kowa ya yi awa 8, cewa in bai yi barci yau ba aikin gobe ya lalace, cewa ƙwaƙwalwarsa ta kusa taɓuwa. Mai ba da magani yakan zauna da shi su auna kowane zato da abin da kayensa ya nuna. Sau da yawa sai a ga ranakun da suka biyo bayan mummunan dare ya je aiki ya kuma gama shi. Akan bayyana masa cewa bukatar mutane ta bambanta, mafi yawan manya tsakanin awa 7 ne da 9, wasu ƙasa da haka. Cewa barci yana tafiya ne zango-zango, kowane zango kamar minti 90, kuma ɗan farkawa tsakaninsu al'ada ce. Cewa barcin tsoho ba ya nauyi kamar na saurayi.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma ɓarawo ba ya shiga gidan da ake zaune ana jiran sa. Duk ƙoƙarin da mutum ya yi na tilasta wa kansa barci yana ƙara farkar da shi. Saboda haka wasu masu magani sukan umurci mai ciwon ya kwanta cikin duhu, ido buɗe, ya bar neman barcin gaba ɗaya. Wata dabara kuma ita ce a keɓe minti 15 da maraice, nesa da shimfiɗa, a rubuta damuwar ranar da matakin da za a ɗauka gobe a kan kowace, a rufe kaye. Idan tunanin ya taso cikin dare, an riga an ba shi wurinsa.

Sakin jiki ya girmi sauran dabarun duka. Cikin 1929 likita Edmund Jacobson na Shikago ya buga littafi a kan hanyar ɗaure tsokoki da sakin su bi da bi. Ana farawa daga yatsun ƙafa: a matse su na ƴan daƙiƙoƙi, a saki, a lura da bambancin, a hau zuwa ƙwauri, cinya, ciki, hannuwa, kafaɗu, har fuska, ana numfashi a hankali. Ana koyon sa da rana tukuna, kullum, har ya zama jiki, sa'an nan a kai shi dare.

Shayi, goro da zafi

Akwai kuma ƙa'idodin kiyaye barci, waɗanda su kaɗai ba sa warkar da ciwo mai daɗewa, amma saɓa musu yana ɓata sauran aikin. Shayi da kafe da goro duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke toshe alamar yunwar barci a ƙwaƙwalwa. Jiki yakan ɗauki kamar awa 5 kafin ya fid da rabinsa. Wanda ya zauna a fada ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku bayan isha'i, da ƙarfe 2 na dare rabin ƙarfinsa yana nan a jininsa. Mai rashin barci ya tsai da shayinsa da goronsa daga azahar. Taba ma tana farkarwa, giya kuwa tana kawo barcin farko ta wargaza na ƙarshen dare, tramadol da wasu ke sha domin ƙarfin aiki shi ma yana rikita barci.

Jiki yana bukatar ya ɗan huce kafin barci ya shige shi. Cikin watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke wuce awo 40 a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, ɗakin kwano yakan riƙe zafi har tsakar dare. Wanka kafin kwanciya da kwana a tsakar gida cikin gidan sauro suna taimakawa. Ƙailula kuwa, mai bin wannan magani ya fi kyau ya bar ta har ya warke; in ba makawa, kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kada kuma ta kai la'asar.

Abin da bincike ya nuna

Cikin 1999 Morin da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwaji a kan mutane 78, mafi yawansu dattawa. Wasu aka ba su ƙwaya, wasu aka koya musu waɗannan dabaru, wasu aka haɗa musu biyun. Bayan mako 8 duka sun sami sauƙi, amma da aka bi sawunsu har shekara 2, waɗanda suka koyi dabarun ne sauƙinsu ya fi ɗorewa. Cikin 2015 aka tattara gwaje-gwaje 20 da suka ƙunshi mutane fiye da 1,100, aka tarar lokacin jiran barci ya ragu da kimanin minti 19, zaman farke cikin dare kuma da kimanin minti 26. Jimlar awoyin barci ba ta ƙaru da yawa ba a farko. Abin da ya canza shi ne barcin ya haɗu, fargabar dare ta ragu. Bisa irin wannan shaida ce ƙungiyar likitocin Amurka cikin 2016, da ƙungiyar binciken barci ta Turai cikin 2017, suka sanya wannan magani a sahun farko.

Bisa al'ada ana yin sa cikin zama 4 zuwa 8 tare da masanin halin ɗan Adam, kuma irin waɗannan masana ba su wadata ba ko a Turai, balle a ƙasashen Sahel. Shi ya sa gwajin da jami'ar Okusfod ta buga cikin 2023 yake da muhimmanci. An ɗauki mutane 642 a ƙananan gidajen likita 35 na Ingila, aka ba ma'aikatan jinya ɗan gajeren horo, suka koyar da rage lokacin kwanciya cikin zama 4. Bayan wata 6, kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka bi hanyar sun sami sauƙi bayyananne, alhali cikin waɗanda aka ba takardar nasiha kaɗai kashi 17 ne.

Waɗanda za su yi hattara

Wannan hanya ba ta kowa ba ce haka kawai. Mai farfaɗiya, da mai ciwon taɓin hankali irin wanda ke hawa da sauka, kada su rage lokacin kwanciyarsu sai da iznin likita, domin ƙarancin barci yana iya tayar da ciwonsu. Direbobin manyan motoci da masu aiki da injuna su zaɓi lokacin hutu kafin su fara. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya kuma wuni yana gyangyaɗi, ciwonsa dabam ne, yana bukatar a duba shi. Haka nan wanda ciwon gaɓoɓi, ko tari, ko yawan fitsarin dare ke tayarwa, da wanda baƙin ciki ya rufe har ya fid da rai daga rayuwa, su fara da gidan likita.

Ga shugabannin ma'aikatu da masu kula da lafiyar jama'a, lissafin a fili yake. Maganin nan ba ya bukatar a sayo kome daga waje. Kayan aikinsa kaye ne da alƙalami da ma'aikacin jinya da aka horar, wanda zai ga mai ciwon sau ɗaya a mako. Ana iya koyar da shi ga mutane 6 ko 8 a zama ɗaya, ana iya bayyana ƙa'idodinsa a rediyo da harshen da jama'a ke ji, malaman yaƙi da jahilci kuma suna iya nuna wa ɗalibansu yadda ake cika kayen barci. Ga wanda dare ya zame wa abin tsoro kuwa, matakin farko yana iya somawa gobe da safe: ya tsai da lokacin tashi guda ɗaya, ya buɗe kaye, ya rubuta daren jiya, bayan mako 2 ya ɗauki abin da ya rubuta ya kai wa likita.